Wankan Murugan a Landan: yadda ake abishekam, daga ɗaukar rana zuwa wanke magudana

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya a Kano ko Damagaram ya san hoton nan: ƙararrawa na kaɗawa, ana juya faranti mai wuta, a dangwala wa mutum jan gari a goshi. To wannan minti biyar ɗin ƙarshe ne kawai. Aikin da ake yi kafin a kai nan ya haura awa uku, kuma shi na bi tun daga farko a wani haikalin addinin Hindu na Tamilawa, mutanen kudancin Indiya da Siri Lanka, da ke gabashin Landan, wata Asabar cikin Nuwamba, tare da iyalin da suka ɗauki nauyin ibadar ranar. Ni Musulmi ne, ban yi sujada ba, ban karɓi toka ba, kuma babu wanda ya matsa mini. Nawa shi ne dakon kaya zuwa bakin zaure da zuba ido.

Sunan ibadar abishekam, wato wankan abin bauta. Mu kalmar da muke da ita gunki ce, su kuwa murti suke cewa, kuma ba za a gane komai a cikin aikin ba sai an san yadda suka ɗauke shi. A wurinsu, tun ranar da aka keɓe haikali aka kafa dutsen, ya zama mazaunin sarki mai rai. Sarki kuwa ana tashinsa da safe, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a kai masa abinci, a yi masa fifita, da dare a rufe masa ƙofa. Kullum ne, ko mutum ɗaya bai zo ba. Shi ya sa gina haikali a ƙasar waje ba ƙaramin alkawari ba ne: an ɗauko baƙon da ba ya tafiya.

Ƙidayar 2021 ta nuna mabiya addinin Hindu a Ingila da Wales sun ɗan haura miliyan ɗaya, amma ba jama'a ɗaya ba ce. Gujaratawa, 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya, da yawa daga gabashin Afirka suka zo, musamman bayan Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda a 1972, kuma babban haikalin unguwar Neasden a Landan da aka buɗe a 1995 nasu ne. Tamilawan Siri Lanka kuwa kwararowarsu ta ƙaru bayan tarzomar Yulin 1983 da yaƙin basasar da bai ƙare ba sai 2009. Haikalinsu kowil suke kiransa, kuma da yawa sun fara ne a tsofaffin gine-ginen da aka saya aka gyara, kamar na Ganesh da ke Wimbledon, wanda asalinsa ginin coci ne. Wanda na shiga na Murugan ne, ɗan babban abin bautarsu Shiwa, mai riƙe da mashi, wanda ɗawisu ne abin hawansa.

Aikin yana farawa makonni kafin ranar, a teburin ofis. Iyali su zaɓi rana, a duba pancangam, littafin lissafin kwanaki da taurari, a biya kuɗin ɗaukar nauyi, a ba su takardar kayan da za su kawo. Nan ne matsalar zaman waje ta farko take. Ranakun Murugan su ne Talata, Juma'a, da rana ta shida bayan tsayuwar wata ko cikarsa, amma dangi ba sa samun zuwa sai Asabar ko Lahadi, don haka ranakun ƙarshen mako tun da wuri ake kame su. Sannan pancangam ɗin da aka buga don Chennai ta Indiya ko Jaffna ta arewacin Siri Lanka ba ya aiki kai tsaye a Landan, domin lissafin da fitowar rana yake tafiya, kuma tsakanin Indiya da Ingila awa biyar da rabi ne a lokacin sanyi, huɗu da rabi a lokacin zafi. Wani biki sai ya faɗo kwana ɗaya kafin na gida. Iyalin da suka dogara da kalandar da aka aiko musu daga gida sukan zo su tarar an yi jiya.

Akwai kuma rahu kalam, wani yanki na yini da ba a fara abin alheri a cikinsa. Ana raba tsawon yini gida takwas, kowace rana da nata kason. Na Asabar shi ne na uku. A kudancin Indiya, inda yini ke kusan awa goma sha biyu duk shekara, an haddace shi: tara zuwa goma da rabi. A Landan yinin Disamba bai cika awa takwas ba, na Yuni ya haura goma sha shida, saboda haka kason yana miƙewa yana tsukewa. Wasu malaman haikali suna bin tsohon jadawalin, wasu suna lissafawa da fitowar ranar Landan. Namu ya kauce wa gardamar gaba ɗaya: ya ce a ƙulla niyya kafin tara, tunda farawa a cikinsa ake gudu, ba ci gaba ba.

Takardar kayan da aka ba iyalin, ga abin da ke cikinta: madarar shanu mai cikakken maiƙo jarka huɗu, kowace lita biyu da 'yan kai, wato kusan lita tara, kindirmo kilo biyu, man riɗi rabin lita, garin shinkafa rabin kilo, garin kurkur kwatan kilo, zuma kwalba ɗaya, man shanu, lemun tsami goma sha biyu, ɗanyar kwakwa mai ruwa guda biyar da busasshiya biyar, ayaba dozin biyu, dabino, mazarƙwaila, garin sandal, ruwan wardi, kafur, ganyen betel da ƙwayar da ake tauna shi da ita, wanda a wurinsu matsayin goro yake da shi. Sai sababbin yadudduka da furanni. Sharaɗi ɗaya ya hau kan komai: kada a buɗe, kada a ɗanɗana, kada a sansana. Jarkar madarar da aka tsiyayi kaɗan aka yi shayi da ita ta tashi daga aiki. Fure ma idan yaro ya kai hanci, an ajiye shi gefe. Kindirmo kuma a karanta jikin robar, domin wani ana sa masa sinadarin kauri da ake samu daga ƙashin dabba, irin wannan ba ya shiga. Furen yasmin da aka kitsa a jirgi yake zuwa daga Indiya, kwana biyu ya yi baƙi, shi ya sa ake cike giɓin da furannin kantin unguwa masu jure sanyi.

Mun isa ƙarfe takwas. Kowa ya yi wanka daga gida, babu wanda ya ci nama ko ƙwai. Takalma a bakin ƙofa, a wanke hannu da ƙafa a famfo. Wanda aka yi wa rasuwa a gida ba ya zuwa sai bayan kusan wata guda, mace mai al'ada ma tana dakatawa. Maigidan ya ɗaura weshti, farin gyauto mai tsawo, ya tuɓe riga kafin ya matsa kusa da ɗakin tsakiya inda murtin yake, al'adar da mutanen Jaffna suka riƙe da ƙarfi, ko da kuwa sanyin Nuwamba na ratsa tayil.

Ba a miƙewa wurin Murugan kai tsaye. Ganesh mai kan giwa, wanda Tamilawa ke kira Pillaiyar, shi ake fara gaisarwa, don shi ne mai kawar da cikas. Mutum ya ƙwanƙwasa gefen kansa da dunƙulen hannu, ya kama kunnuwansa hannu a gicciye, ya durƙusa ya miƙe sau uku. Sai a kewaya ɗakin tsakiya, yana hannun damanka kullum. Sujada kuma ba ko'ina ake yinta ba, sai bayan sandar tuta da ke fuskantar ɗakin, domin idan ka kwanta a tsakiyar zaure ƙafarka za ta nuna wani abin bautar da ke bayanka. Namiji yana miƙewa rub da ciki, mace tana durƙusawa ta kai goshi ƙasa.

Malamin haikali kurukkal ne sunansa, kuma kowa Aiya yake ce masa, babba da yaro. Daga jihar Tamil Nadu ta Indiya ko Jaffna ake ɗauko irinsu da bizar ma'aikatan addini, sun taso cikin gidajen da suka gaji aikin. Ya zaunar da maigida da uwargida a kan tabarma, ya sa wa maigidan zoben ciyawar darba a yatsan dama na kusa da ƙarami, ya zuba musu shinkafa da fure a tafin hannu. Wannan shi ne sankalpam, ƙulla niyya, kuma ni a ganina shi ne wurin da zaman baƙunta ya fi fitowa fili. Lafazin yana ambaton zamani, shekara, wata, rana, sannan wurin da ake tsaye a doron ƙasa. Na asali yana cewa a tsibirin Jambu, a ƙasar Bharata, wato Indiya. A nan dole a sauya. Cikin harshen ibadarsu na Sanskrit da ke zuba kamar ruwa sai na ji Landan ta fito sarai. A Amurka malamai da yawa tsibirin Kraunca suke ambata a madadin Jambu.

Daga nan ya tambayi sunan kowa da tauraron haihuwarsa, ɗaya daga cikin ashirin da bakwai, da gotiram, wato zuriyar da mutum ya fito. Yaran da aka haifa a Ingila nan suke tsayawa cak. Ɗan gidan ya juya wurin uwarsa, wadda Tamilawa ke kira Amma, ya ce, "Amma, mene ne nawa?" Uwar ta faɗa kafin ya rufe baki. Iyaye mata ne ke riƙe da wannan ilimi. Wanda bai san zuriyarsa ba, Aiya yakan ce zuriyar Shiwa, a wuce.

A gefe an shimfiɗa ganyen ayaba, an baza ɗanyar shinkafa, an jera tulunan tagulla. Kowane an naɗe shi da farin zare, an cika shi da ruwa, an sa ganyen mangwaro a baki, an ɗora kwakwa da aka shafe da kurkur. Kumbam ke nan. Da karatu ake kiran abin bautar ya sauka cikin ruwan, sannan a hura wutar homam a gabansa, ana zuba man shanu da ludayin itace, da hatsi da 'yan itatuwa. A gida, a fili ko zaure mai buɗaɗɗen gefe ake yi. A Landan cikin rufaffen gini ne mai na'urar jin hayaƙi, wadda idan ta yi kuka dole a fitar da kowa waje. Don haka ramin wutar ƙaramin kasko ne na ƙarfe da aka ɗora kan bulo, a ƙarƙashin bututun zuƙe hayaƙi, ga tukunyar kashe gobara a kusa. Itacen dole ya bushe ƙayau, kuma man shanun a narkar da shi tukuna. Daskararre idan ya faɗa wuta hayaƙi yake yi maimakon harshe. Minti arba'in aka yi, aka rufe da ƙunshin jan kyalle mai busasshiyar kwakwa da aka jefa ciki.

Wajen goma da kwata aka shiga wankan. Kurukkal kaɗai ke shiga ɗakin tsakiya. Iyali suna tsaye a bakin ƙofa, mataimaki yana miƙa masa kwanuka. An cire wa murtin tufafin jiya, ya rage ɗan gyauto. Baƙin dutse ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Man riɗi aka fara shafawa da hannu tun daga kai, kuma shekaru na wannan shafar ne ke ba dutsen baƙin nan mai sheƙi. Sai garin shinkafa da aka dama, don ya ɗebe maiƙon. Sai ruwan kurkur, dutsen ya koma rawaya. Tsakanin kowane abu da na bayansa ana kwarara ruwa, a ɗaga 'yar fitila, a kaɗa ƙararrawa. Jerin yana ɗan bambanta daga haikali zuwa haikali, amma hikimarsa a bayyane take: mai maiƙo, sai mai wanke shi, mai danƙo, sai mai tsinka shi.

Bayan kurkur sai pancamirtam, wanda Tamilawa ke kwaɓawa da ayaba, dabino, mazarƙwaila, zuma da man shanu. Wannan ba a barinsa ya bi magudana. Ana manna shi a jikin dutsen, a kwashe cikin kwano mai tsabta, don za a raba wa jama'a. Sai madara. Nan zauren ya yi tsit, sai muryar karatu. Aiya yana tsiyayawa a hankali daga tsakar kai, farin yana gangarowa kan baƙin fuska har siffar ta fito fes, masu tsaye suna yi wa Murugan kirari da "Arohara". Lita tara ɗin nan ta ɗauki kusan minti goma. Wanda ya juye da sauri ya ɓata abin, domin ganin da jama'a ke yi a wannan lokaci shi ne rabonsu. Sai kindirmo, zuma, ruwan lemun tsami da aka tace 'ya'yansa, ruwan ɗanyar kwakwa, toka, kwaɓin sandal, ruwan wardi. A ƙarshe aka ɗauko babban kumbam, aka kewaya da shi haikalin da kiɗa, aka juye ruwansa a kan murtin. Shi ne asalin wankan. Duk na baya share fage ne.

Dalilin da ya sa wannan wanka ya fi yawa a haikalan kudancin Indiya har da irin dutsen. Baƙin dutse yana jure komai. Farin mabul da ake sassaƙa murtin haikalan Gujaratawa da shi kuwa, tsami yana cinsa, kurkur yana rina shi, don haka sukan yi wankan a kan ƙaramin murti na ƙarfe.

Duk abin da aka zuba yana fita ta wani indararo a gefen ɗakin, ya faɗa ƙaramin kwarmi. A ƙauyen Tamil Nadu daga nan sai gindin bishiya. A nan bututun gini ne, kuma wannan ce wahalar da baƙo ba ya gani. Man riɗi, man shanu, kindirmo da garin shinkafa idan suka haɗu a bututu mai sanyi, daskarewa suke yi kamar kitse a kwanon miya da asuba. Madara kuma ba a yarda ta shiga lambatun ruwan sama ba, domin idan ta kai kogi tana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Saboda haka akwai rariya a bakin kwarmin, akwai akwatin tarkon maiƙo a ƙasa, kuma an ƙayyade yawan madarar da za a zuba. Mai son kawo jarka ashirin don cika alwashi, akan ce masa a zuba kaɗan, sauran a bar su a rufe a kai wa mabuƙata. Na ga dattijuwar da wannan bai yi wa daɗi ba, kuma na fahimce ta, alwashi ta yi. Amma ina ganin masu haikalin sun yi daidai.

Aka ja labule. Minti arba'in babu abin gani, kuma a nan ne baƙi da yawa ke zaton an gama su tafi. A bayan labulen ana tsane dutsen da tawul, domin siliki a kan jiƙaƙƙen dutse mai maiƙo lalacewa yake yi. Ana naɗa tufafi, a sa kambi da sulken azurfa, a rataya furanni, a jingina mashin. Sannan a kai abinci a rufe, a yayyafa masa ruwa, a miƙa da karatu. Sarki ba ya cin abinci a gaban jama'a. A ɗakin girkin haikali aka dafa shi, babu albasa babu tafarnuwa, mai girkin kuma bai ɗanɗana ba, da ido da gwaninta ya auna gishiri. A zaure kuwa mata na rera Tewaram, waƙoƙin waliyyan Shiwa na Tamil da suka haura shekara dubu.

Da sha biyu ta yi aka yaye labulen lokaci guda da ƙararrawa da ganga da nadaswaram, wata doguwar algaita wadda duk Bahaushen da ya ji ta zai tuna ƙofar fada. A ranakun biki makaɗa ake ɗaukowa. Ranar da babu su, akwai injin da ke buga ganga da ƙararrawa da lantarki. Aiya ya ɗaga fitilu ɗaya bayan ɗaya: mai hawa-hawa, mai baki biyar, mai siffar tulu. Ya nuna madubi, 'yar laima, mafici da izgar fifita, kayan sarauta dai. Sai arcanai: sunayen Murugan ɗari da takwas, kowane suna da furensa, da sunan iyalin. Kafur ne ƙarshe, don yana ci ne bai bar toka ba. Ƙwaya ɗaya ko biyu ake sawa, saboda kafur ɗin kanti yana baƙanta rufi da kayan ado, har haikalai da yawa sun koma fitilar man shanu.

Sai ya fito da wutar. Kowa ya kifa tafukansa a kanta ya shafa a ido. Aka bi da toka, a karɓa da hannun dama a shafa a goshi. Ragowar ba a karkaɗe ta a ƙasa, akwai kwanon da ake zubawa. Sai cokalin ruwan wanka, dama a kan hagu, a kurɓa a shafa saura a ka. Sai sandal da jan garin kunkumam. Hannun hagu ba ya karɓar komai, abin da ba sai an koya wa Bahaushe ba. Maigida ya ɗora wa Aiya kuɗin sadaka a kan ganyen betel da ayaba, ya miƙa da hannu biyu. Aka mayar wa iyalin farantinsu da ɓarin kwakwa, ayaba da fure. Kwakwar da aka fasa aka tarar ta ruɓe tana tayar wa mutane hankali, suna ɗaukarta alama, alhali sau da yawa doguwar tafiya ce da ajiyar kanti. Shi ya sa masu hankali ke girgiza ta a kunne kafin su saya, su ɗauki mai nauyi mai ruwa, su kuma ƙara ɗaya a jaka.

Ba a fita da gaggawa. Kowa ya ɗan zauna a ƙasa tukuna. A zauren cin abinci aka raba pongal, shinkafar da aka dafa da madara da mazarƙwaila, da dafaffen wake mai kwakwa, da wadai, wanda ƙosai ne mai huda a tsakiya. Sannan shinkafa da miyar ganye ga duk wanda ya shigo, ɗalibi ne ko direban tasi.

Kafin ƙarfe ɗaya a rufe ƙofar ɗakin tsakiya, samari biyu 'yan sa-kai sun naɗe hannun riga. Ɗaya ya kwashe rariyar kwarmin, ya zuba tulun ruwan zafi uku a bututun, ɗaya yana goge tayil da ruwan sabulu don kada tsofaffi su zame a kan maiƙo. Furannin jiya an tara su a buhu daban, ba a haɗa su da shara, takin lambu za a yi da su. Tulunan tagulla an jiƙa su da tsamiya da gishiri, an kife su su bushe, domin da yamma za a sake buɗe ƙofa, kuma wani iyalin ne ke da Lahadi.